Zaɓen Firinta Don Rumfar Yi-Wa-Kanka a Wudil: A Fara Tambayar Takarda

Gabatarwa

Duk wanda ya shiga Kara a Wudil ranar Juma'a a 'yan shekarun nan ya san cewa ciniki ya sauya kama. A da, idan aka sallama bijimi, damin kuɗi ake ƙirgawa a tura cikin aljihun 'yar ciki. A yau kuwa sau da yawa sai mai saye da mai sayarwa su taka zuwa gindin lemar mai POS, a zura kati, na'ura ta turo wata 'yar takarda da faɗinta bai wuce yatsu uku ba. Wannan 'yar takarda, wato rasit, ita ce shaidar cewa dubban ɗaruruwan naira sun tashi daga hannu zuwa hannu.

Sauyin yana da tarihi. A watan Yuli na 2013 Babban Bankin Nijeriya ya shigar da Jihar Kano cikin shirinsa na rage mu'amala da tsabar kuɗi, kuma a wannan shekarar ya fitar da ƙa'idojin wakilan bankuna. Ƙarancin takardun naira da aka sha fama da shi a farkon 2023, bayan sauya fasalin kuɗi, shi ya ƙarasa tura jama'a wurin masu POS, har da waɗanda a da ba su yarda da su ba.

Matakin da ke biye shi ne rumfar yi-wa-kanka, wato akwatin na'ura mai allo wanda mutum zai tsaya gabansa ya biya kuɗi, ko ya karɓi lambar layi, ko ya buga takardar rajista, ba tare da ma'aikaci ba. Injin cirar kuɗi na ATM shi ne misalin da kowa ya sani. Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, da Kwalejin Horar da Jami'an 'Yan Sanda, da babban asibiti, da kasuwar dabbobi, ga shi kuma a kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, ba zai rasa masu tunanin kafa irin waɗannan rumfuna ba. Kowannensu kuwa zai ci karo da tambaya guda: wace firinta za a sa a ciki?

Bisa al'ada, farashi da sauri ake dubawa. Ra'ayin wannan maƙala shi ne an juya lissafin. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne takardar da za ta fito: mene ne aikinta, tsawon wane lokaci ake so ta rayu, kuma hannun wa za ta bi? Amsar waɗannan ita za ta nuna firintar da ta dace.

Ire-iren Firinta

Firintocin da ake samu a kasuwa sun kasu gida huɗu. Ta farko ita ce mai feshin tawada, wadda ke watsa ɗigon tawada ta wasu ƙofofi da suka fi gashin kai siranta. Tana da araha, amma idan ta yi kwanaki ba ta aiki, ko iska ta bushe, sai tawadar ta daskare ta toshe ƙofofin. Ba ta dace da akwatin da ba mai kula da shi ba.

Ta biyu ita ce mai leza, irin wadda ake gani a shagunan buga takardu na bakin makarantu. Garin tawada take amfani da shi, sa'an nan ta gasa shi a jikin takarda da zafin da ya kusa digiri 200 a ma'aunin Salsiyas. Rubutunta na daɗewa shekara da shekaru. Illarta ita ce cin wuta, domin ko ƙarama daga cikinsu tana jan wat 300 ko fiye a lokacin bugawa, abin da ke wahalar da batir da ƙaramin janareto.

Ta uku ita ce mai allurai. Tana da allurai 9 ko 24 da ke dukan ƙyallen tawada a kan takarda, kamar yadda keken rubutu ke yi. Tana da ƙara da nawa, amma tana da juriya, kuma ita kaɗai ce ke iya fitar da kwafi biyu ko uku a bugu ɗaya.

Ta huɗu ita ce mai zafi, wadda ke cikin kusan kowace na'urar POS da ATM. Kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar da na'urar Silent 700 mai irin wannan bugu, kuma tun daga nan fasahar ta mamaye kantuna da bankunan duniya. Ba ta buƙatar tawada, ba ta da ƙara, sassanta masu motsi kaɗan ne, wutar da take ci kuma ba ta taka kara ta karya ba. Saboda haka duk wani mai sayar da kayan rumfa ita zai fara miƙo wa mai saye, kuma yana da hujja. Sai dai kafin a karɓa, ya dace a san yadda take rubutu ba tare da tawada ba.

Rubutun da Ba Tawada

Asirin yana jikin takardar. An shafe fuskarta da wani siririn haɗi mai ɗauke da rini marar launi da kuma wani sinadari mai ɗan tsami wanda aikinsa tayar da launin. Muddin suna a daskare, ba ruwan ɗaya da ɗaya. A kan firintar kuma akwai jerin ƙananan ɗigogi masu ɗaukar zafi, guda 8 a kowace milimita. Idan ɗigo ya yi zafi, sai haɗin da ke ƙarƙashinsa ya narke, rinin ya gamu da mai tayar da launi, wurin ya yi baƙi. Mai karatu na iya gwadawa: ya ja farce da sauri a kan rasit, zai ga baƙin layi ya bayyana, domin zafin gogayya kaɗai ya isa.

Matsalar ita ce wannan haɗuwa ba ta dindindin ba ce. Hasken rana, da zafi, da laima, da maiƙo, da gam na salatif, da sinadaran da ke cikin jakar roba mai laushi, duk suna raba rinin da abokinsa, sai rubutu ya dusashe. Idan kuma zafin ya kai wajen digiri 70, takardar gaba ɗaya ce za ta fara yin baƙi. Masu yin takardar kan yi alkawarin cewa rubutu zai kai shekaru, amma bisa sharaɗin a ajiye ta cikin duhu, a wurin da zafinsa bai haura digiri 25 ba.

A nan ne gizo ke saƙar. A ƙasar Kano, zafin rana a watan Afrilu kan kai digiri 40 a inuwa, gaban motar da aka ajiye a rana kuwa yana iya haura 70. Aljihun direba, da jakar ɗaliba, da ɗakin kwano marar silin, babu ɗaya da ya cika sharaɗin masu takardar. A ɗauka ɗalibi ya biya kuɗin makaranta a farkon zango, aka nemi shaida a lokacin jarrabawa, ya zaro rasit ya tarar da farar takarda. Ko kuma falke ya biya kuɗin shanu, aka cire daga asusunsa amma bai isa ga mai shi ba, bayan makonni ya je banki da takardar da ba a iya karanta lambarta. Babu wanda ya yi ha'inci a cikinsu, amma shaidarsu ta gudu. Firintar da aka yaba da araharta ta ɗora asarar a kan mai ƙaramin ƙarfi.

Na'ura da Muhallinta

Ɗaliban ilmin halittu sun san cewa kowace halitta tana da iyakar zafi da laimar da za ta iya jurewa, kuma idan aka kai ta inda ya wuce iyakarta sai ta rame ko ta mutu. Haka na'ura take. Yawancin firintocin rasit na kan teburin kanti an ƙera su ne don aiki tsakanin digiri 5 zuwa 45. Akwatin ƙarfe da ke tsaye a rana a watan Afrilu zai zarce wannan tun kafin azahar. Akwai firintocin da aka ƙera musamman don rumfunan waje, masu jure digiri 60 ko fiye, kuma su ya kamata a nema, ko da sun fi tsada.

Sai ƙurar hunturu. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda a da can ƙasan wani makeken tafki ne. Da tafkin ya ƙafe, sai ya bar tarin ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom, waɗanda ɓawonsu na silika ne, wato dangin gilashi. Wannan gari, haɗe da rairayi mai laushi, shi iska ke kwasowa tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Idan ya kwanta a kan takarda ya bi ta ƙarƙashin kan firinta, yana goge shi a hankali kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa. Kan firintar da masu ƙera shi suka ce zai buga kilomita 100 na takarda ba lallai ya kai haka a Wudil ba, sai da matatar iska da shara a kai a kai. Bushewar iskar hunturu kuma tana sa takardu su manne da juna, damina ta zo ta lanƙwasa su, kowanne kuwa yana jawo cushewa.

Bugu da ƙari, akwati mai ɗumi da duhu gida ne ga halittu. Kyankyasai na ƙwai a ciki, ɓera na gwaguyar waya, tsaka na kwanciya a kan allon lantarki ta haɗa wuta, zanzaro kuma na iya toshe bakin fitar takarda da laka. Wanda ya zaɓi firinta bai duba yadda za a rufe ƙofofin akwatin da raga ba, ya yi gini ne bai yi ƙofa ba.

Abin da Ke Biyo Yatsa

Tambaya ta uku, wato hannun da takardar za ta bi, ita ce aka fi mantawa. Sinadarin da aka fi amfani da shi tsawon shekaru wajen tayar da launi shi ne bisfenol A, wanda ake taƙaitawa da BPA. Masanin Rasha Aleksandr Dianin ne ya fara haɗa shi a 1891. A 1936 Edward Charles Dodds da Wilfrid Lawson a Ingila suka nuna cewa yana kwaikwayon istirojin, wato sinadarin da jiki ke amfani da shi wajen tafiyar da balaga da haihuwa, musamman a jikin mata. Irin waɗannan sinadaran jiki saƙo ne, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu ke aiki. Abin da ya yi kama da su zai iya shiga ya isar da saƙon da ba a aiko shi da shi ba, kamar makullin da ba na gidan ba amma ya buɗe ƙofa.

A cikin robobi, BPA a ɗaure yake da sauran sassan robar. A fuskar rasit kuwa a sake yake. A 2010 masu bincike a Zurik ta ƙasar Siwizalan sun gwada takardu 13, suka sami BPA a cikin 11, tsakanin giram 8 zuwa 17 a kowane kilo na takarda. Sun kuma gano cewa riƙe rasit na daƙiƙa 5 yana barin kimanin maikurogiram 1, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kan busassun yatsu, idan kuwa yatsun na da jiƙa ko maiƙo sai adadin ya ninka kusan sau 10. A 2014 wani bincike a Jami'ar Mizuri ta Amurka ya nuna cewa shafa sanitaiza kafin taɓa rasit yana ƙara yawan abin da ke ratsa fata ya shiga jini. Abin lura shi ne, wanda ya shiga ta baki yana bi ta hanta, ita kuma ta kashe kaifinsa da wuri. Wanda ya shiga ta fata kuwa ba ya bi ta wannan shinge tun farko.

Hukumomi sun ɗauki mataki. Daga ranar 2 ga Janairu, 2020, Tarayyar Turai ta hana sayar da takarda mai jin zafi da BPA ɗinta ya kai kashi 0.02 cikin 100 na nauyinta. Dalilin da ta dogara da shi shi ne kare 'ya'yan da ke cikin mata masu juna biyu da ke aikin karɓar kuɗi a kantuna. Da kamfanoni suka koma ga ɗan'uwansa bisfenol S, sai bincike ya nuna cewa shi ma yana da irin wannan hali, wato an gudu ne ba a tsira ba. Siwizalan ta haɗa su biyun ta hana. A 2023 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta rage adadin BPA da take ganin jiki zai iya ɗauka a kullum har sau 20,000.

Idan aka dawo gida, wanda ya fi taɓa wannan takarda shi ne matashi ko matashiyar da ke zaune a ƙarƙashin lema daga safe zuwa dare, ana yage rasit da hannun da ke gumi, a ci ƙosai ko awara da shi, a lashi yatsa a ƙirga kuɗi. A rumfar yi-wa-kanka kuma, mai sauya naɗin takarda da mai sharar waɗanda aka zubar su ne a sahun gaba. Yaran da ke tsintar takardun suna wasa da su ba a ma sa su a lissafi.

Hujjar Masu Ja

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Na farko, masana ba su haɗu a kan girman haɗarin ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta tsaya a kan cewa adadin BPA da ake samu a abinci bai kai na cutarwa ba, hukumar tantance haɗura ta Jamus kuma ta ƙi amincewa da sabon ma'aunin 2023, tana ganin an tsaurara fiye da kima. Ko kwamitin da ya ba Tarayyar Turai shawara bai ga haɗari ga mai sayayyar da ke karɓar rasit ɗaya ko biyu ba. Ma'aikaci ya ga yana cikin haɗari. Don haka babu dalilin firgita jama'a.

Na biyu, takardar da ba ta da bisfenol ta fi tsada, kuma mai POS da ribarsa ba ta wuce 'yan nairori a kowane ciniki ba zai sayi wadda ya samu ne. Wannan gaskiya ne, kuma ba a kansa nauyin yake ba. Amma jami'a, ko asibiti, ko banki, da ke sayen takarda katan-katan, suna da bakin gindaya sharaɗi ga ɗan kwangila, kuma abin da manyan masu saye suka nema shi 'yan kasuwa ke shigowa da shi.

Na uku, ana cewa waya ta wadatar, tunda saƙon banki na shigowa. Faransa ma ta daina buga rasit kai tsaye daga 1 ga Agusta, 2023, sai wanda ya nema. Shawara ce mai kyau, amma ba kowane makiyayi ko tsohuwa ke da wayar da ke da caji da sabis a lokacin da ake bukata ba. Takarda na nan da sauran aiki.

Abin da Ya Kamata a Yi

Daga abin da ya gabata, ana iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Idan takardar ta yini ɗaya ce, kamar lambar layi a asibiti ko tikitin shiga tasha, firinta mai zafi ce ta dace, amma da sharaɗi biyu: takarda marar kowane irin bisfenol, tare da rubutacciyar shaida daga mai kawowa, sa'an nan na'urar ta tambayi mutum ko yana son takarda kafin ta buga. Tambarin da ya ce babu BPA kaɗai bai wadatar ba, domin sau da yawa bisfenol S ne ya maye gurbinsa.

Idan kuwa takardar shaida ce da za a nema bayan watanni, kamar biyan kuɗin makaranta, ko haraji, ko cinikin dabba, to kada a danƙa ta ga rubutun da rana ke gogewa. A yi amfani da mai leza ko mai allurai a kan takarda ta yau da kullum, ko kuma nau'in firinta mai zafi da ke narka ƙyallen tawada a kan takardar, wanda rubutunsa ba ya dusashewa da wuri. Kowace shaida ta ɗauki lambar da za a iya sake bugawa da ita. Wanda kuma aka riga aka ba shi rasit mai jin zafi, ya ɗauki hotonsa ko ya yi masa fotokofi a ranar, kada ya kai a liƙe masa shi cikin roba, domin zafin injin liƙewa zai baƙanta shi ƙurmus.

Ta fuskar ƙira, a nemi firintar da ke riƙe takarda a ciki har ta gama bugawa ta yanke kafin ta miƙo, saboda mai gaggawa kan fizge takarda ya lalata wuƙar. A nemi wadda ke janye takardar da aka manta, don kada bayanin wani ya faɗa hannun wani, da wadda ke sanar da mai kula idan naɗi ya kusa ƙarewa. Lissafin ba wuya: naɗi mai tsawon mita 75, idan kowane rasit santimita 15 ne, mutum 500 zai sallama, kuma ranar kasuwa ɗaya na iya cinye shi. A ƙarshe, a tabbatar akwai mai gyara da kayan gyara a Kano, tazarar kimanin kilomita 40, domin na'urar da sai an jira kayanta daga ƙetare ta zama gunki.

Kammalawa

Akwai aikin da ya rage ga masana na gida. Gwajin ba ya bukatar kuɗi mai yawa: ɗalibai su tattara rasit daga Kara da tasha da bakin makaranta, su ajiye wasu a inuwa, wasu a aljihu, wasu a ɗakin kwano, su rubuta kwanakin da rubutun kowanne ya yi kafin ya ɓace, a bazara da damina da hunturu. Sashen kimiyyar sinadarai kuma ya auna abin da ke fuskar takardun da ake sayarwa a kasuwannin Kano. Da wannan sakamako a hannu, duk mai shirin kafa rumfa a Wudil zai zauna da ɗan kwangila yana da abin faɗa wanda aka auna a ƙasarsa.

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Firintar da aka saya da rahusa, idan rasit ɗinta ya goge kafin ranar da ake nemansa, ko ya bar wa mai aiki da shi abin da bai sani ba a fatarsa, to ɗalibi da falke da mai POS ne suka cika ragowar kuɗinta.